BAƘO RAƁA NE? MAGANA A KAN WANI ƊAN ITACE NA TSAUNUKAN BAMENDA



A kurmin da ke lulluɓe da kafaɗun tsaunin Oku da tudun Ijim, a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, akwai wani ɗan itace da yawancinmu ba mu taɓa jin labarinsa ba. Tsawonsa bai cika wuce mita biyu ko uku ba. Ba a fafe turmi da shi, ba a yin azara da shi, ba a kai shi kasuwa. Yana zaune ne a ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta sauka sai ta tsakanin ganye, a wuraren da tsayinsu daga bakin teku ya kai wajen mita dubu biyu. Masana tsirrai suna kiransa Chassalia laikomensis. A yau shi ne abin maganarmu, domin muna ganin makomarsa ta shafe mu fiye da yadda muke zato, mu Hausawan da ke zaune a Bamenda da Kumbo da Fundong da sauran garuruwan tsaunukan nan.

Bari mu fara da saninsa. Ɗan gidan kofi ne, wato dangi ɗaya suke da itacen da ake samun gahawa daga gare shi. Duk wanda ya taɓa shiga gonar kofi zai gane kamannin: ganye biyu-biyu suna fuskantar juna a kan reshe, da wani ɗan ƙaramin ɓawo a tsakanin gindinsu. Furanninsa ƙanana ne farare, suna fitowa a dunƙule a ƙarshen reshe. 'Ya'yansa ba su fi ƙwayar wake ba, idan sun nuna sai su yi baƙi. Irin waɗannan 'ya'yan itatuwa masu tsoka tsuntsaye ne ke haɗiye su, su kai irin wani gefen kurmin su kasayar. Ke nan ɗan itacen ba ya yaɗuwa sai da tsuntsu, tsuntsun kuma ba ya zama sai da kurmi.

Sai a shekarar 2000 aka bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa, ta hannun Martin Cheek na lambun tsirrai na Kew da ke Landan. An ɗauko sunansa ne daga Laikom, garin da fadar Fon na Kom take. A wannan shekarar ce kuma Cheek da Jean-Michel Onana na ma'ajiyar tsirrai ta ƙasa da ke Yawunde da Benedict Pollard suka fitar da littafin da ya ƙididdige tsirran tsaunin Oku da tudun Ijim. Abin da zai ba mutum tausayi shi ne, kusan lokacin da duniya ta san sunan wannan itace, a lokacin ne aka sa shi cikin jerin ƙungiyar IUCN na halittun da ke fuskantar ƙarewa. An yi masa suna da zaman makoki kusan a rana ɗaya. Ba a samunsa a ko'ina a duniya sai a 'yan guntayen kurmin da suka rage a tsaunukan yammacin Kamaru, da kuma ƙetaren iyaka a tsaunukan jihar Taraba ta Najeriya.

Me ya sa ya takura a wannan ɗan wuri? Amsar tana cikin yanayin tsauni. Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6. Tsaunin Oku, wanda mutanen wurin ke kira Kilum, tsayinsa mita 3,011 ne, babu wanda ya fi shi a ƙasar sai tsaunin Kamaru da ke Buea. A can sama akwai sanyi da hazo da laima, gansakuka ta naɗe rassan itatuwa, ƙasa ba ta bushewa da wuri. Tsiron da ya saba da wannan ba zai iya saukowa kwari ya rayu ba. Saboda haka kowane kan tsauni ya zama kamar tsibiri, sai dai abin da ya kewaye shi zafi ne da ciyawa, ba ruwa ba. Halittun da suka daɗe a irin waɗannan tsibirai sukan rikiɗe su zama nasu na kansu. Shi ya sa a tafkin Oku akwai wani kwaɗo da babu shi a wani ruwa a duniya, shi ya sa kuma tsuntsun nan mai jan tukku da Turawa suka laƙaba wa sunan Bannerman, wanda sarakunan ƙasar ke karrama mutum da jan gashinsa, ba ya rayuwa sai a kurmin tsaunukan nan. Chassalia laikomensis ma ba shi kaɗai ba ne. Akwai ɗan'uwansa Oxyanthus okuensis, shi ma ɗan gidan kofi, wanda aka raɗa wa sunan Oku.

Masana sun ƙiyasta cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na kurmin da ya taɓa rufe tsaunukan Bamenda ya tafi. Mafi girman abin da ya rage shi ne na Kilum da Ijim, kimanin hekta 20,000. Sauran kuwa guntaye ne, wani a bayan fada, wani a kwazazzabon da gatari bai iya kaiwa ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Jama'a ta ƙaru, ƙasar tsauni kuma tana da albarka, ga masara ga wake ga dankalin turawa. Da farashin kofi ya faɗi a ƙarshen shekarun 1980, manoma da yawa suka koma noman abinci, suka nausa sama suna sare kurmi. Sai wutar rani: ana cinna wa busasshiyar ciyawa wuta domin sabuwa ta tsiro wa dabbobi, ko a share gona, ko a kori zuma da hayaƙi, iska ta kwashi wutar ta kai ta bakin kurmi. A nan akwai abin lura. Itatuwan da muka sani a ƙasar Hausa, irin su kaɗanya da ɗorawa, suna da kaurin ɓawo, wuta takan wuce su su sake tohowa. Itacen kurmin tsauni ɓawonsa siriri ne, bai san wuta ba. Gobara ɗaya ta isa ta kashe abin da ya shekara ɗari yana girma, kuma inda ta ci, ciyawa ce ke maye gurbi, ciyawar da za ta zama makamashin gobarar baɗi.

Na ukun shi ne wanda ido bai cika gani ba, wato awaki da tumaki da shanun da ake saki cikin kurmi. Dabba ba ta kayar da babban itace. Abin da take yi shi ne ta cinye duk wani tsiro da bakinta ya kai, ta tattake sauran. Mai wucewa daga nesa zai ga kurmi shar, ya ce lafiya lau. Wanda ya shiga ciki zai tarar da ƙasa fayau kamar an share tsakar gida. Wannan kurmi ya zama garin da babu yara: tsofaffi na nan tsaye, amma ranar da suka faɗi babu magaji. Kuma tun da ɗan itacen namu a wannan ƙasan yake rayuwa, shi ne farkon tafiya. Shi ya sa muke cewa duk inda aka ga Chassalia laikomensis yana fure yana 'ya'ya, to kurmin yana da sauran rai. Inda ya ɓace, an fara ƙirga wa manyan itatuwan kwanaki.

To, ina ruwanmu?

Mun san amsar da aka saba bayarwa. Za a ce kurmin na mutanen Oku ne da Kom da Nso, su ke da sarakunansa, su ke da wuraren tsafinsa, mu kuwa 'yan kasuwa ne, baƙi, kuma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Wannan karin magana gaskiya ne ga wanda ya zo ya kwana biyu. Amma kakanninmu sun daɗe suna bin hanyar goro daga ƙasar Nso zuwa Banyo da Yola. Tun zamanin Jamusawa, bayan sun kafa barikinsu a Bamenda a 1902, Hausawa suka kafa zango a Abakwa, wanda daga baya ya zama tsohon garin Bamenda. 'Yan'uwanmu Fulani Bororo sun shigo da shanunsu ƙarƙashin Arɗo Sabga, wanda garin Sabga ke ɗauke da sunansa. Mutumin da aka haifi kakansa a wuri, aka binne uwarsa a wurin, yaransa ke magana da harshen wurin a kasuwa, ya wuce a kira shi raɓa. Raɓa ba ta shekara ɗari.

Kuma ko da mun so mu tsame kanmu, sana'o'inmu sun riga sun ɗaure mu da tsaunin. Mahaucinmu da dillalin shanunmu suna cin abinci ne daga makiyayar da ke iyaka da kurmin. Mai tsire da mai gidan burodi da mai tuyar ƙosai duk itace suke saya, kuma itacen nan daga wani wuri aka saro shi. Mai maganin gargajiya da ke baza saiwoyi da sassaƙe a bakin kasuwa, wani ne ya shiga daji ya kawo masa. Wanda ke sayen kaya yana da hannu a yadda aka samo kayan, domin kuɗinsa ne ke aika mai gatari.

Sama da duka akwai ruwa. Kurmin tsauni kamar soso yake. Ganyaye da gansakuka suna tare ruwan sama da hazo, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa yana riƙe shi, saiwoyi suna buɗa masa hanya ya nutse, sannan ya riƙa fitowa a hankali ta idanun ruwa har tsakiyar rani. Idan aka sare kurmin, ruwan damina yakan gangaro gaba ɗaya, ya kwashe ƙasa, ya cika ƙoramu da laka, da rani kuma a nemi ɗigo a rasa. Ƙoramun da ke fitowa daga Kilum da Ijim su ne ke shayar da garuruwan da ke gindinsu. Famfon da ya ƙafe ba ya tambayar ƙabilar mai tulu. Butar alwalarmu da tukunyar maƙwabcinmu daga ido ɗaya ake cika su, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai masu cewa, to mun ji batun ruwa, amma shi wannan ɗan itace da ba a ci ba a sha, mene ne amfaninsa? Muna da amsa biyu. Ta farko, rashin sanin amfanin abu ba shi ne rashin amfaninsa ba. A shekarar 2008 aka bayyana wani jinsin kofi na daji daga ƙasar Bakossi a nan Kamaru, mai suna Coffea charrieriana, wanda 'ya'yansa ba su da sinadarin nan mai hana barci. Da an share inda yake an shuka koko kafin a gane shi, da ba wanda zai san abin da aka rasa. Ta biyu kuwa, ba kowane abu ake aunawa da mudun kasuwa ba. Halittar da aka ajiye a wuri ɗaya tak a faɗin duniya, aka kuma ƙaddara mu ne maƙwabtanta, amana ce. Gidan da ya rushe ana sake gina shi, garken da ya ƙare ana sake tara shi. Jinsin da ya ƙare ba ya dawowa, ko da za a tara dukiyar duniya.

Labarin wani babban itace na wannan kurmi ya isa darasi ga duk ɗan kasuwa. Prunus africana itace ne da ake sassaƙe ɓawonsa a fitar da shi Turai, a yi maganin kumburin da ke toshe wa dattawa maza hanyar fitsari. Ƙa'idar ɗibarsa sananniya ce: a zaɓi itacen da ya girma, a ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na ɓawon ta wannan gefe, a ɗebi irinsa ta gefen da ke fuskantarsa, a bar sauran, sannan a jira shekaru kafin a dawo. Da kuɗi suka shigo, sai aka riƙa tuɓe itatuwa tsirara tun daga gindi har rassa, wasu ma a kayar da su. A 1995 aka sa itacen ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, a 2007 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da ɓawonsa daga Kamaru na wasu shekaru. Waɗanda suka yi gaggawar cin riba su ne suka rufe wa kowa kasuwa. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Ga kuma misali na ɗaya gefen. Farar zumar Oku, wadda a 2013 ta samu rajistar asali daga hukumar OAPI tare da barkonon Penja, ba ta samuwa sai da furannin itatuwan wannan kurmi, irin su Nuxia congesta da Schefflera abyssinica. Mai amya ya fi kowa tsoron gobara, domin wuta ɗaya za ta cinye masa jarin shekara. A nan abinci da kiyayewa suka zama abu ɗaya, kuma wannan ce hanyar da ta fi ɗorewa.

Kada a ɗauka ba a taɓa yin nasara ba. A 1987 ƙungiyar kare tsuntsaye da a yau ake kira BirdLife International ta fara aiki a Kilum, a 1992 aka buɗe na Ijim, daga baya aka haɗe su. Abin da ya sa aikin ya kama ƙasa shi ne ba a zo da bindiga an kori mutane ba. An zauna da Fon-Fon na Oku da Kom da Nso da majalisunsu na gargajiya, jama'a da kansu suka shata iyakar da gona ba za ta ƙetare ba. Dokar gandun daji ta 1994 ta ba ƙauyuka damar riƙe kurminsu a hukumance, har zuwa hekta 5,000 ga kowace al'umma. Hotunan tauraron ɗan'adam da aka kwatanta daga baya sun nuna cewa saran ya ragu, a wasu wuraren ma kurmin ya fara dawowa. A 2004 gwamnati ta keɓe wani yanki a kewayen tafkin Oku domin kare tsirrai. Ƙungiyar CAMGEW, wadda ke dashen itatuwan asali tana koya wa mutane kiwon zuma a Oku, ta samu lambar yabo ta Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019. Duk wannan ya nuna cewa idan mutanen wuri suka ga abu nasu ne, suna tsare shi.

Mu ma ba baƙin wannan tunani ba ne. Garin Hausa na da yana da hurumi, filin da aka keɓe wanda ba mai nomawa ba mai ginawa. Yana da burtali, domin dabba ta wuce ba ta shiga gona ba. Yana da sarkin daji da sarkin ruwa. Ba a sare kuka ko tsamiyar gari don an ga dama. Ke nan idan aka ce mana ga iyakar kurmi, akuya ba ta shiga, wuta ba ta kusanta, ba sabon karatu aka kawo mana ba. Namu ne muka tarar a bakin wasu.

Mun san akwai magana mai nauyi da ta fi duk waɗannan. Tun 2016 yankin nan ke cikin rikici, an rasa rayuka, an ƙone gidaje, makarantu sun daɗe a rufe, da yawa daga cikinmu sun koma Bafusam da Duwala da Yawunde da Ngaundere. Wani zai ce, ana ta kai wa ke ta kaya? Ba mu raina wannan tambaya ba, ran mutum ɗaya ya fi kurmi. Sai dai a lokacin fitina ne dukiyar kowa da kowa ta fi lalacewa, domin mai tsaro ya gudu, mai doka ya yi shiru, wanda yunwa ta kora kuma ba shi da abin kamawa sai gatari. Ranar da ƙura ta lafa, za a iya sake ɗora rufin kasuwa cikin wata guda. Idon ruwan da ya ƙafe ba ya jin sulhu. Sannan rikicin ya bar zargi da rashin yarda tsakanin al'ummu, musamman tsakanin manomi da makiyayi. Aikin da ya haɗa mutane a kan abin da kowa ke sha, kamar share layin tare gobara ko dasa itace a bakin ƙorama, yana daga cikin 'yan wuraren da za a iya sake haɗa kafaɗa ba tare da an tambayi ɓangaren kowa ba.

Don haka ga abin da muke ganin ya dace da mu, daidai ƙarfinmu.

Sarakunan Hausawa da shugabannin zango su nemi kujera a kwamitocin da ke kula da kurmin ƙauyuka da na idanun ruwa, su je a matsayin masu ruwa da tsaki, da ladabi ga masu ƙasa. Wanda ba ya wurin da ake yanke shawara, a kansa ake yanke ta.

Dillalan shanu da mahauta, waɗanda ke jin Fulatanci suna jin harshen gari, kuma kowane ɓangare ya san su, su yi amfani da wannan matsayi wajen sasanta batun ƙunar daji da iyakar kiwo. Makiyayi ba abokin gaba ba ne. Shi ma idan ƙorama ta ƙafe, shanunsa ne farkon wahala. Ɗora masa laifin komai zalunci ne, kuma ba ya tsirar da itace ko ɗaya.

Masu sayen itacen wuta su tambayi inda aka saro shi. Itacen turare da aka dasa a gona domin sara yana nan ko'ina, ya ishe mu, muddin ba a dasa shi a kan idon ruwa ba, tun da shi ma mashayi ne. Masu sayen sassaƙe su ƙi karɓar wanda aka tuɓe wa itace gaba ɗaya. Masu sayar da zuma su biya mai amya farashin da zai sa ya ga kurmin ya fi masa gona.

Malamanmu na makarantun allo da na Islamiyya su sanar da yara cewa tsaunin da suke hange kullum yana ɗauke da halittun da babu su a Makka, babu su a Landan, babu su a Kano. Matasanmu da ke jami'o'in Bamenda da Dschang da Ngaundere kuma kada su ɗauka ilimin tsirrai na wasu ne. Jerin tsirran Kamaru da ke cikin haɗari da Onana da Cheek suka wallafa a 2011 ya ƙunshi jinsi fiye da 800. Aikin ya fi ƙarfin masu yinsa.

Abu na ƙarshe shi ne suna. Harshenmu ya yi wa kowane itacen da ya zauna da shi suna: sabara, geza, kalgo, tumfafiya, aduwa. Sunan shi ne shaidar zama tare. Wannan ɗan itace kuwa har yanzu sai mun ari Latin kafin mu ambace shi. Mu muna ba da shawarar a kira shi kofin Laikom, domin danginsa da kuma garin da ya ba shi suna. Wanda ke da abin da ya fi wannan ya kawo, dattawanmu na Fundong da Belo kuma su tambayo mana yadda mutanen Kom ke kiransa. Abin da mutum ya san sunansa, da wuya ya taka shi ya wuce.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, Ya bar mana ruwanmu da kurminmu mu miƙa wa na baya. Amin.